Saƙi a Cikin Adaka: Labarin Rigar Gado a Ƙasar Tambuwal

Bayan da aka yi sadakar arba'in ta mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa da rahama, baƙin nesa suka watse, gida ya koma sai mu ya mu, sai Bappanmu, wanda shi ne babba da ya rage a zuriyar, ya sa aka shimfiɗa tabarmi a zaure, aka kira maza da mata, aka kuma fito da wata tsohuwar adaka ta ƙarfe wadda tun muna yara muke ganinta a kan duwatsu huɗu a ƙuryar turaka, ba mu taɓa ganin cikinta ba sai daga nesa. Da aka ɗaga murfinta, ƙamshin kafur da tsohon turare ya cika zauren, aka fara fito da rawuna biyu farare, da wando kamun ƙafa, da jar dara wadda launinta ya koɗe. Can ƙasa kuma, a naɗe cikin wani farin ƙyalle, sai ga rigar saƙin nan da marigayi yake sakawa sau biyu kacal a shekara, ranar ƙaramar salla da ranar babba.

Bappa ya ɗora ta a kan cinyarsa, ya daɗe yana shafa wuyanta bai ce kome ba. Daga baya ya dube mu ya ce, "Wagga riga ta girme ku duka. Kakanku yas sawo ta Jega, ubanku kuwa bai taɓa bari ruwa shi taɓa ta ba."

Abin da ya biyo bayan wannan zama shi ne dalilin wannan rubutu, domin na lura cewa a Tambuwal da Kebbe da Dogondaji da sauran garuruwan kudancin Jihar Sakkwato, da wuya a sami tsohon gida wanda babu irin wannan adaka a cikinsa, kuma galibin samarin da irin waɗannan tufafi ke faɗowa hannunsu a yau, waɗanda suka tashi cikin shadda da kaftani da ɗinkin keke, ba su san ta inda za su fara ba, kamar yadda ni ma ban sani ba a ranar nan.

Mas'alar farko ta shari'a ce, kuma ita ce mutane suka fi saurin tsallakewa. A mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta malaman ƙasar nan suke, tufafin mamaci suna cikin tarikarsa, hukuncinsu ɗaya da na gona da dabba da kuɗi. Ba a taɓa su sai an fitar da abin da aka kashe wajen jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan abin da ya rage ya zama na magada, matan aure su ɗauki sumuni idan akwai 'ya'ya, namiji kuma ya sami rabon mata biyu. Saboda haka babban ɗa ba shi da wani haƙƙi a kan rigar ubansa don kurum shi ne babba, kuma cewar da wani zai yi marigayi ya taɓa faɗa masa shi zai bar wa ita ba ta isa hujja ba, domin kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, wasiyya ga magaji kuwa ba ta zartuwa sai da yardar sauran magada. Da yake riga ba ta rabuwa da almakashi ba tare da an halaka ta ba, hanyar da aka bi a gidanmu ita ce aka kira wani dattijo wanda ya yi shekaru yana dillancin riguna, ya yi mata ƙima a gaban shaidu, aka lissafa ta cikin rabona. Yayata ta ce ta yafe nata kason, aka karɓa aka gode. Amma na ƙanenmu wanda bai balaga ba, Bappa ya ce babu mai ikon yafe dukiyar maraya, sai da na biya shi har sisin kwabo. Na sha yin tunani daga baya cewa da an yi sakaci da wannan, da duk ranar da na tsaya salla cikin rigar nan zuciyata ba za ta natsu ba.

Da riga ta zama tawa ta halas, sai na tarar ban san abin da na mallaka ba. Na ɗauke ta na kai wa wani tsohon maɗinki wanda idonsa ya fara rauni, amma yatsunsa ba su manta kome ba. Ya shimfiɗa ta a kan tabarma cikin inuwa, ya juya cikinta waje, ya sa ni in ƙirga ƙwarya, wato siraran sawayen saƙa waɗanda aka harhaɗa gefe da gefe har suka zama riga, kowane ɗaya faɗinsa bai kai yatsa uku ba. Na ƙirga na wuce ɗari, na ɓata lissafi, na sake farawa. Ya ce da ni a nan darajar saƙi take, gwargwadon sirantar ƙwarya da yawanta gwargwadon wahalar da aka sha. Kuma in duba da kyau, zan ga cewa baƙin da nake gani daga nesa ba baƙi ne zalla ba, zare ne rinanne da baba aka saƙa tare da ɗan farin zare, suka ba da ɗige-ɗige ƙanana kamar gashin zabo. Ni da na girma ina ganin rigar nan a jikin mahaifina, sai ran nan na ga zabon da ke cikinta.

Wanda ya yi nazarin hannayen da riga ɗaya irin wannan ta ratsa kafin ta isa kafaɗar mai ita, lalle zai ji nauyinta ya ƙaru. Manomi ya shuka auduga. Mata sun gurje ta, sun shiɓe ta, sun kaɗa zare da mazari cikin tsawon watanni. Marini ya tsoma zaren cikin baba sau da yawa har ya kama. Masaƙi ya zauna yana jefa ƙoshiya, kunkurunsa na matsowa a hankali. Wani ya haɗa ƙwarya da allura, ya sa cuna don ƙasan riga ya buɗe. Malami mai hannun zane ya zana aikin da alƙalami da tawada. Maɗinki ya bi zanen da zare. Daga ƙarshe aka kai ta mabuga aka buge ta har ta kwanta tana sheƙi. Aikin da ke gaban tawa shi ake kira aska biyu, harsuna biyu masu tsini da suka sauko daga wajen wuya a kan babban aljihun da ke ƙirjin hagu, ga linzami ya kewaye wuya, ga kuma tambari, wani zagaye mai murɗewa, ɗaya a ƙirjin dama ɗaya a baya. Zaren aikin na tsamiya ne, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa da ke cin ganyen itace, a dafa gidan cikin ruwan toka har ya yi laushi a kaɗa shi, launinsa kamar na ƙasa-ƙasa. A cikin ƙasan rigar kuma an yi mata shafi da jan alharini, wanda ba ya bayyana sai mutum yana tafiya iska ta ɗaga gefenta.

Ba abin mamaki ba ne a sami irin waɗannan riguna a wannan yanki. Tambuwal, wadda ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, ribaɗi ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, kuma tana maƙwabtaka da Gwandu. Tun da Shehu ya raba tafiyar da daula a 1812, ya danƙa yamma da kudu maso yamma ga ƙanensa Malam Abdullahi, gabas kuma ga ɗansa Muhammadu Bello, ƙasashen Nufe da Ilori suka zama masu biyayya ga Gwandu; su kuwa waɗannan ƙasashe biyu sun shahara da saƙa da aikin riga, har sunan girken Nufe ya zama abin ambato a ko'ina. Ta wannan hanya riguna suka riƙa hawowa arewa, wasu cikin gaisuwar sarakuna, wasu a kan jakunan fatake, suna sauka a kasuwar Jega. Daga gabas kuma Kano na aiko da kore da rawani ɗan Kura masu walƙiyar shuni. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya kuma sauka Gwandu a 1853, ya ƙiyasta cinikin tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Jan alharinin nan kuwa ta hamada yake zuwa, daga Tarabulus ta Gadamas, a bayan raƙuma. Ashe rigar da ke kwance cikin adaka a wani lungu na Tambuwal ta tara ƙasashe da yawa a jikinta.

Sai dai wajibi ne a faɗi cewa magabatanmu ba su ɗauki tufafi abin wasa ba, kuma ba su kasance baki ɗaya a kansa ba. Sarkin Gobir Nafata, cikin dokokin da ya kafa don rage ƙarfin jama'ar Shehu kafin hijira zuwa Gudu a 1804, ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi, domin ya fahimci cewa sutura tana shelar abin da ke cikin zuciya. Shehu kansa an ruwaito zuhudunsa a kan tufafi, cewa bai tara su ba. Malam Abdullahi kuwa, a cikin Tazyinul Waraƙat, ya koka ƙwarai da yadda wasu daga cikin jama'a suka karkata ga riguna masu tsada da dawaki da neman mulki tun jihadi bai ƙare ba. Duk da haka, da daula ta zauna, riga da rawani da alkyabba suka zama kayan da ake naɗa hakimi da alƙali da su, ake kuma girmama malami da baƙo. Wanda ya gaji riga daga irin waɗannan gidaje ya gaji abubuwan nan biyu tare, kwarjinin da ke cikinta da kuma gargaɗin da ke biye da ita, kuma a ganina bai halatta ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ba. Hukuncin alharini ma yana nan: an haramta wa maza tsantsarsa, an yi rangwame ga abin da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, abin da aka cuɗanya shi da wani zare kuwa malamai sun yi saɓani a kansa, kamar yadda mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya nuna. Don haka wanda ya gaji barage, mai ratsin jan alharini a tsakanin auduga, ya kyautu ya kai ta gaban malaminsa kafin ya kai ta masallacin Idi. Ni ma na auna shafin tawa da yatsuna a gaban liman.

Akwai wata al'umma a arewacin Birtaniya, mutanen Sikotlan, waɗanda lamarinsu ya yi kama da namu ta wata fuska. Mazansu suna ɗaura wani zane na ulu mai tattara, daga ƙugu zuwa gwiwa, suna kiransa kilt, kuma suna gadonsa daga uba zuwa ɗa. Hukuma ta hana su shi a 1746 bayan wani tawaye, ba a ɗage dokar ba sai 1782, sa'an nan ya sake ɗaukaka bayan ziyarar da Sarki Joji na Huɗu ya kai birnin Edinbara a 1822. A wurinsu ratsin saƙar, wanda suke kira tatan, ya zama alamar dangi, har majalisarsu ta yi doka a 2008 aka buɗe rajistar da ake rubuta kowane iri. Saurayinsu idan zai zaɓa, sunan kakanninsa yake dubawa. Mu a wurinmu saƙi ko tsamiya ko barage ba sa faɗin gidan da mutum ya fito. Abin da suke faɗi shi ne shekarunsa, da matsayinsa, da munasabar da ta tara mutane, kuma babu wata rajista da aka rubuta wannan a ciki sai idanun dattawa.

Wannan ne ya sa zaɓi a wurinmu ya fi bukatar hankali. Farin bullam ko gare marar nauyin aiki ya dace da kowa, malami da ɗalibi, ranar Juma'a ko wajen ɗaurin aure. Aska biyu a kan saƙi ko tsamiya ba ta yi wa magidanci yawa. Aska takwas kuwa, wadda aikinta ke cin ƙirji ya haura kafaɗa, da malum-malum wadda aka cike ta gaba da baya, riguna ne na manya. Babu dokar da ta hana saurayi saka su, amma idan ya shiga da irinsu majalisar da bappanninsa ke zaune cikin fararen riguna, ya yi magana da jikinsa wadda bakinsa ba zai iya faɗi ba. Alkyabba da naɗin rawani mai kunne biyu sun fi wannan tsanani, gama su na sarauta ne, sarauta kuwa ba a cikin adaka ake samunta ba, naɗawa ake yi. Wanda ya gaji alkyabbar ubansa ya mallaki ƙyallen bisa shari'a, amma muruwa ta hukunta ya adana ta har ranar da Allah Ya nufa aka naɗa shi, ko aka naɗa wani daga gidan. Hula ma tana da nata hisabin. Doguwar hular nan da mutane suka laƙaba wa sunan Alhaji Shehu Shagari, maƙwabcinmu wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, ta fi dacewa da shadda. Tsohon saƙi kuwa na ga ya fi karɓar dara ko farar hula da ɗan rawani sassauƙa.

Saka rigar kanta ilimi ne wanda ba a karanta shi a littafi. Faɗinta ya wuce tsawon hannayena biyu a miƙe, nauyinta kuma ya ba ni mamaki ranar da na fara jefa ta a wuya, har na ji kamar an ɗora mini bargo jiƙaƙƙe. Bappa ya sa na yi kwana uku ina gwada ta a tsakar gida bayan la'asar. Ya nuna mini yadda ake tattaro hannun riga daga ƙasa, a ninka shi sau biyu, a saɓa a kafaɗa, a fara da na dama domin aljihu da aikinsa su fito fili. Yadda ake ɗan ɗaga gabanta idan za a hau dakali. Yadda ake tattara bayanta kafin a zauna don kada a murƙushe tambari. Da yadda ake kame ta a ruku'u da sujada don kada ta rufe wurin na kusa da kai a sahu. Da ya ga ina sauri sai ya ce, "Ɗana, ba a gudu cikin wagga riga. Taka sannu, ita za ta gwada maka tahiya." Marigayi ya fi ni tsawo, saboda haka gefenta yana kusa da taɓa ƙasa, alhali jan tufa a ƙasa abu ne da shari'a ta yi hani da shi, na so a rage ta, maɗinkin nan ya ƙi, ya ce wanda ya sa almakashi a ƙasan saƙi ya ɓata shafi da cuna gaba ɗaya, sai ya yi mata 'yar kalmasa ta ciki a kafaɗa, wadda za a iya warwarewa ranar da mai tsawo ya gaje ta. Ya kuma gargaɗe ni da abu biyu: kada in sa sabuwar farar taguwa a ƙarƙashinta, domin baba yana zuba ko bayan shekaru, kuma kada in kuskura in hau kabu-kabu da ita ba tare da na tattare ta a cinya ba, gama ƙafar babur ta sha cin riguna har da masu su.

Adana ta shi ne inda aka fi yin hasara. Wani abokina a Kebbe ya gaji rigar tsamiya wadda ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba, ya ga ta yi ƙura, ya haɗa ta da sauran kayansa ya ba mai wanki da guga. Aka jiƙa ta da garin sabulu, aka murza, aka matse, aka shanya a rana tsaka, aka bi ta da dutsen guga mai zafi. Da ta dawo, aikin ya tattare, ƙwarya ta rabu a wurare da dama, jan shafin ya zuba cikin jikinta. Na ga hawaye a idon mutumin nan, kuma ban ga laifinsa ba, domin babu wanda ya taɓa gaya masa. Irin waɗannan riguna iska suke so da inuwa. A fito da su cikin hunturu a baza a kan igiya a rumfa, a kaɗe ƙura da tattausan ƙyalle, a canja wurin ninki kowace shekara don kada zare ya karye a layi ɗaya, a sa busasshen ganyen dogon yaro ko kafur saboda asu, a ɗaga adaka daga ƙasa saboda gara da damshin damina, kada kuma a kulle su cikin leda, domin funfuna take jawowa. Turare a hayaƙa shi daga nesa. Na kwalba idan aka fesa a kan zaren tsamiya yana barin tabo. In ta kai ga lalle sai an wanke, to, a nemi mutanen marina da mabuga, su ne suka san ta.

Su kuwa waɗannan mutane raguwa suke yi, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna. Tun da yadin kanti ya yawaita bayan zuwan Turawa a 1903, aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, daga baya shadda ta shigo daga Turai da Sin, keken aiki kuma ya riƙa gama a kwana biyu abin da allura ke yi a wata uku, 'ya'yan masaƙa da maɗinka suka kama wasu sana'o'i, ba kuwa za a zarge su ba, tun da ciki ba ya jiran ranar salla. Amma idan magada suka bar rigunansu a kulle, babu mai ganinsu balle ya yi sha'awa, babu mai kai gyara balle maɗinki ya sami dalilin koya wa yaronsa. Tsohon nan da ya duba tawa ya gaya mini cewa a shekarar nan ni ne na biyu da ya kawo masa saƙi.

Ranar babbar salla na saka ta. Na fito zaure, Inna tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida, ta dube ni sau ɗaya ta juya da sauri tana gyara lulluɓinta, na san abin da ta gani. Na bi Bappa a baya zuwa filin Idi, ina takawa sannu kamar yadda ya ce, hannun dama na zamewa daga kafaɗa ina mayarwa. Bayan an sallame, wani dattijo wanda ban san shi ba ya riƙe gefen rigar, ya duba tambarin, ya kira sunan mahaifina, ya yi masa addu'a mai tsawo, muka shafa tare.

Da la'asar na tuɓe ta na baza a rumfa ta sha iska har magariba. Wajen ninkewa na ga wani wuri a ƙarƙashin aljihu inda ƙwarya biyu suka fara rabuwa, tsawon ɗan yatsa, kusa da wani tsohon gyara da aka yi da zaren da bai yi daidai da launinta ba, wanda na tabbata hannun mahaifina ne. Na naɗe ta cikin farin ƙyallenta, ban mayar da ita adaka ba, na ajiye a kan gado, domin washegari da safe in kai wa tsohon maɗinkin, in kuma tafi da babban ɗana ya riƙe masa zare.